Gwangwanin 'Yan Ƙararrawa

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina kuma roƙon Allah Ya sa lokacin da kake buɗe takardan nan ka riga ka wuce duk dajin da ake fargaba, ka sauka Legas lafiya lau, kai da duk waɗanda kuka shiga mota tare. Da gangan na cusa ta ƙarƙashin ƙullin dakuwa, don na san ba za ka daɗe ba ka laluba wurin ba.

Za ka ce me ya kai Inna ga rubutu, alhali jiya muna tsakar gida ɗaya. Ai ka san halina. In na buɗe baki zan yi maka nasiha, kafin in kai tsakiya ta koma faɗa, kai kuma ka sunkuyar da kai kana zane a ƙasa da tsinke, irin na mahaifinka sak, Allah Ya jiƙan sa. To, takarda dai ba ta ɗaga murya. Ka yi haƙuri da rubutun, abin da na samo a firamaren Sakajiki ne kawai, shi ma rabinsa ya zube a hanya.

Kafin komai, na gode wa Allah, na kuma gode maka. Da mahaifinka ya rasu, har cikin ɗaki aka zo ana ba ni shawara in sayar da kayan ƙira, wai sana'ar maƙerin farfaru ta mutu, 'yan kunnen kanti sun cika kasuwa, wa zai tsaya jiran azurfa? Sai ka ɗauki masabarsa ka zauna inda yake zama. Ranar da na sake jin bugun ƙarfe daga zaure ina cikin tankaɗe, ajiye rariyar na yi na shiga ɗaki na yi kukana na ƙoshi. Ita ma baiwar Allahn nan da ta ga hotunan aikinka a waya, ta kira ka ka zo ka zauna da masu irin sana'arka, ku koya wa juna, a kuma baje kayanku jama'a su gani, ka gaya mata akwai wata tsohuwa a Ƙaura da ke sa ta cikin addu'a.

Ba zan ɓoye maka ba, da farko na ɗauka wasa kake da dukiya. Wayar ƙafar babur, sakaina, guntun jar fata, tsoffin kwabbai masu huda, ka haɗa su ka ce sarƙa ce, ga ta da faɗi kamar faifai. Na ce wace mai hankali za ta rataya wannan ta fita? To, ranar da ka tafi kasuwar Shinkafi neman kwabbai, na tura ƙyaure, na rataya ta a wuyana, na tsaya gaban madubi. Wallahi Babana, sai da na gyara tsayuwa. Kada ka kuskura ka gaya wa ƙannenka.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka roƙe ni in ba ka gwangwanin madarar nan da ke ƙarƙashin gadona, mai cike da 'yan ƙararrawar azurfa, ka tafi da shi ka yi babbar sarƙar da za ka nuna a can. Na hana, na yi maka tsawa a gaban yara, na ce ba kayan ubanka ba ne. Ka tashi ba ka ƙarasa tuwonka ba. Tun ranar abin yake ci na, domin hanin daidai ne, tsawar ce ba ta da dalili. Ka san 'yan ƙararrawar na matan ƙauye ne, amma ba ka san yadda suka zo hannunmu ba, lokacin kana makaranta a Gusau. Bari in faro maka daga nesa, don ni ban iya gajeren labari ba.

Ka san maƙeri ba ya shiga gidajen mutane. Mahaifinka ya yi shekaru yana ƙera wa mata kayan ado, mafi yawansu bai taɓa ganin ko yatsarsu ba. Ni ce idonsa. Ni ke shiga da zare in auno hannu, in jiyo abin da ake so, in kawo masa. Aikina na farko ina amarya, gidan wani limami aka kira ni, za a yi wa ɗiyarsa mundaye. Na zagaya zare a wuyan hannunta tsaf, na ƙulla, na dawo ina ji da kaina. Mahaifinka ya yi aiki mai kyau, irin rufaffiyar munduwan nan da ba ta da baki. Na kai, aka zo sawa, ta tsaya a kan yatsu ta ƙi wucewa. Aka shafa sabulu, aka shafa man gyaɗa, ina! Yarinya mai daka ce, hannunta ya buɗe. Matan gidan suka yi ta gumtse dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da na dawo bai yi mini faɗa ba, wanda ya fi faɗan zafi. Ya jefa su a wuta suka narke, ya ce, “A'i, gobe ki ce ta tattara yatsunta kamar za ta ɗebi gishiri, ki auna inda ya fi faɗi. Ki kuma tambaye ta aikin da take yi da hannun.”

To, kai ma haka. Duk girman abin da za ka ƙera, duk yabon da za a yi masa yana rataye a bango, wuyan mutum zai hau. Mai wuyan nan tana gumi, tana sunkuyawa, wataƙila tana da goyo da zai kai hannu ya fizga. Kafin ka ce ka gama, ka rataya shi a naka wuyan ka wuni da shi. Waccan mai faɗin faifai da na gwada ta karce ni a ƙashin wuya ta hagu, sai ka goge wurin da magagari ya yi santsi.

Kuskurena na biyu, wata tsohuwa ce daga wajen Galadi ta aiko ni da 'yan kunnenta a gyara mata maratayi. Sun yi baƙi ƙirin. Bayan mahaifinka ya gyara, ni da karambanina na ce bari in yi mata alheri. Na samu lemon tsami da toka na dirje su har suna ɗaukar ido, na kai mata ina murmushi, ina jiran a sa mini albarka. Ta juya su a tafin hannu, ta dube ni, ta ce, “Wa ya aike ki?” Na ce ai na ga sun yi datti ne. Ta ce, “Datti? Zufar innata ce kinka wanke.” Ta ƙulle su a bakin zane, ko sallama ba ta yi mini ba.

Har yau in na yanka lemon tsami sai na tuna fuskar matan nan. Inda za ka, za ka haɗu da masu sana'a iri-iri, masu ɗinka duwatsun ado, masu zubin tagulla, waɗanda suka gaji abinsu kamar yadda ka gaji naka. Za ka ga wani abu a aikinsu da kake ganin kuskure ne, hannunka zai yi ta ƙaiƙayi. Ka danne shi, ka fara tambaya. Na san ka da saurin cewa “ai da an yi kaza”, kuma ba wurin kowa ka ɗauko ba sai wurina.

Yanzu ga maganar gwangwani.

Shekarun da abin nan na 'yan bindiga ya tsananta, mutane suna ta baro ƙauyuka, wata rana da hantsi aka yi sallama. Wata dattijuwa ce, Inna Tumba, daga wani ƙauye can bayan Gurbin Bore, an ɗauko ta a babur, ta naɗe hannunta na dama da tsumma kamar mai rauni. Da ta kwance sai ga munduwa ta azurfa, tsohon aiki, an zagaye ta da 'yan ƙararrawa ƙanana kamar 'ya'yan kanya. Da mahaifinka ya leƙa ya ce aikin kakanka ne. Tun tana budurwa aka sa mata, hannu ya girma a ciki, ba ta fita.

Ta ce, “Matar maƙeri, cire min 'yan ƙararrawan ga nika so a yi.”

Ni kuwa da bakina da ba ya jiran kaina, na ce, “Haba Inna! Ai su ne kyan abin. Munduwa ba su ai ta zama zoben shanu. Ko kishin 'yan mata kike, kin ga kin tsufa?” Har da 'yar dariyata.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Ke ɗiya, ba ki taɓa kwanciya cikin dawa kina riƙe da numfashi ba. Randa sunka shigo muna, cikin gona munka ɓoye, ni da jikata. Na dafe hannun ga da ɗayan, ko ƙuda ban kora ba. Yarinya ta motsa, ta taɓa shi, ya ce cas. Ina ganin ƙafar mutum ta tsaya. Allah dai Ya kau da shi.”

Babana, na haɗiye dariyata, na kai ta bakin zaure.

Ta miƙa hannu ta bakin labulen zaure, mahaifinka ya bi su da awartaki yana cirewa, kansa a sunkuye. Da ya gama ya tambaye ta ko saye take so a yi. Ta ce, “A'a. Ba na saidawa, kuma ba na tahiya da su, ko cikin ƙulli suna magana. Ku aje min. Randa anka samu lahiya in zo a maida.”

Ita ta buɗe ƙofa. Labari ya bi ƙauyuka, mata suka riƙa zuwa, daga wajen Zurmi, daga wajen Shinkafi, wasu na hannu, wasu na ƙafa, har da na jarirai. Kowace maganarta ɗaya, a ajiye mata. Mahaifinka bai taɓa karɓar ladan wannan aiki ba. Kowace mace ya ƙulle nata daban a ƙyalle, shi ya san wanne ne na wa, da kalar ƙyallen yake ganewa. Abin da na koya a nan shi ne, in mutum ya zo maka da buƙatar da ka ga kamar ta ɓata ado, to akwai abin da ya gani wanda ba ka gani ba. Ka bari ya gama magana kafin ka yi masa wasa.

Sai kuskuren da ya fi damuna. Bayan na fita takaba ina gyaran ɗaki, na tarar gara ta cinye ƙyallayen, wasu sun zube sun haɗe. Maimakon in tsaya in ware waɗanda ba su haɗe ba, zuciyata a ƙuntace, na ce wa ma zai dawo? Wasu an ce sun ƙetara Nijar, wasu an ce sun rasu. Na kwashe duka na juye a gwangwani ɗaya na tura ƙarƙashin gado. Amanar da mutumin nan ya ware da hannunsa, ni na cakuɗa ta cikin minti guda.

Shi ya sa da ka zo kana zuba mini bayani, idonka na ƙyalli, wai za ka jera su duka a sarƙa ɗaya, mace ta sa ta ratsa cikin taro, mutanen birni su ji ƙarar da aka kashe a ƙauyukanmu, raina ya tashi. Tunaninka mai kyau ne. Amma ka taɓo inda ke mini ciwo. Kai ma ka ɗauka masu su ba za su dawo ba, kamar yadda na ɗauka, kuma ban so in ji tunanina a bakin ɗana ba. Shi ne na huce a kanka. Ka yafe mini.

To, ka ji ikon Allah. Shekaranjiya da ka tafi tasha neman mota, ina tsakar gida ina tsince wake, aka yi sallama. Na ɗaga kai ban gane ta ba, sai da ta ce, “Matar maƙeri, kin manta da mai zoben shanu?” Inna Tumba! Na watsar da waken na rungume ta. Ta tsufa, ta rame ƙwarai, ido ɗaya ya yi fari. Na yi mata gaisuwa, ta yi mini ta'aziyyar mahaifinka, don sai a bakin ƙofa ta ji. Sannan ta kwance bakin zane ta fito da munduwar. Abin da sabulu da mai suka kasa, rama ta yi shi, ta ce wata safiya tana alwala ta zame da kanta.

Na ce, “Inna, an koma gida ke nan?”

Ta ce, “Ina fa. Muna nan Ƙaura raɓe gun dangi. Amma jikar nan tawa da munka kwanta cikin dawa, ita za a yi ma aure bayan kaka, nan cikin gari. Ita kam ta yi tahiyarta da ƙara, kowa ya ji. A maida mata su.”

Na shiga na jawo gwangwanin, na durƙusa gabanta, na faɗa mata gaskiyar abin da na yi. Na zaci za ta yi mini irin ta tsohuwar Galadi. Sai ta ce in shimfiɗa mata tabarma a inuwa, in juye su a faifai. Ta riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya tana kaɗawa a bakin kunne. “Wagga ba tawa ba ce, ta cika tsiwa.” Ta ajiye gefe. “Wagga ta yaro ce.” Ta ajiye. Can sai ta kaɗa wata, ta kasa kunne, ta sake kaɗawa, ta ce, “Yawwa, ga ki.” Ashe kakanka ba guntun ƙarfe yake sawa a cikin nasa ba, tsakuwar gulbi yake sawa, muryarsu ta fi taushi. Ni da na yi shekaru a gidan maƙera ban taɓa sanin haka ba.

Har la'asar tana abu ɗaya, ni kuwa ina gefe ina share hawaye da bakin mayafi. Ta haɗa nata cif, ba ta taɓa na kowa ba. Ta ce kada in damu, duk wadda ta yi shekaru tana jin abinta a hannu za ta gane shi. Wallahi ji na yi kamar an sauke mini buhu daga ka. Na gode wa Allah da Ya kawo matan nan kafin in mutu da wannan nauyi, kuma kafin in yi rauni in ba ka gwangwanin, don saura kaɗan in ba ka saboda tausayin fuskarka.

Muna cin abinci na ba ta labarinka, da sarƙar da ka so yi, da faɗan da na yi maka. Ta yi dariya har da tari, ta ce, “Yaron ga da hankali, uwar ce mai zahi.” Sannan ta sa yatsa cikin nata ta turo mini guda ɗaya. Ta ce, “Wagga ladan ajiya ce, ubanai bai amshi komi ba. Ba shi ya kai ta birnin, su ji. Amma guda ɗai. Sauran na masu su ne.” Na tambaye ta ko ka faɗi sunanta in an tambaye ka. Ta ce a'a, ka ce wata tsohuwa dai.

Don haka ka ji sharaɗi, kuma shi ne shawarata ta ƙarshe. Can za a so labarinmu, za a tambaye ka, wataƙila ma a fi son ka ƙara masa gishiri don a ji tausayi a saya. Kada ka ƙara. Kada ka faɗi sunan wanda bai ba ka izini ba. Amma sunan mahaifinka da na kakanka, waɗannan ka faɗe su da ƙarfi duk inda aka yaba hannunka, don ba daga sama ka faɗo da shi ba. Ka riƙe sallarka, ka ci abinci a kan lokaci, ka kuma rage wannan zurfin ciki naka, in abu ya dame ka ka kira ni, ko faɗa ne na yi maka ka ji sanyi.

Gwangwani yana nan inda yake, ba ya zuwa ko'ina. Na riga na aika da saƙo ta bakin 'yan acaɓan da ke bin kasuwannin Zurmi da Shinkafi, cewa duk wadda ta bar ajiya a gidan maƙeri ta zo, ajiyarta na nan. Munduwar Inna Tumba kuma tana cikin kwallata tare da 'yan ƙararrawarta. Ni ban iya riƙe awartaki ba, kuma ta ce ba ta yarda wani maƙeri ya taɓa aikin kakanka ba sai jininsa. Na ce mata za ka zo kafin bikin, da zarar an gama yankan dawa. Na faɗa da bakina a gabanta, Babana, ban tambaye ka ba. Kada ka mai da ni maƙaryaciya.

Allah Ya tsare min kai a hanya da masauki, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya kau da idon mugu daga kanka. Allah Ya sa albarka a hannun nan naka kamar yadda Ya sa a na mahaifinka. Allah Ya kawo mana zaman lafiya, kowace mace ta zo ta kwashi nata, in wanke gwangwanin in zuba gishiri a ciki. Ƙannenka suna gaishe ka, sun ce kada ka dawo hannu biyu.

Ka duba cikin ƙullin dakuwar da kyau kafin ka kai baki, akwai wani ɗan ƙulli fari a tsakiya. Taka ce, halak malak. Na naɗe ta da auduga don kada ta yi ƙara a hanya. Tunda ka isa, cire audugar.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Inna A'i